An Kawo wa Yero Surukinsa

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, samarin Dutsin-Ma suka kafa ƙungiyar koyon jawabi, suka zo suka ce in ja masu gora, tunda ni ke koyar da ajin manya na yaƙi da jahilci. Na karɓa. Mukan taru ranar kasuwa bayan la'asar, kowa ya miƙe ya yi magana a kan abin da na ba shi, saura su yi masa gyara. In za a faɗi gaskiya, yawancinsu so suke a gan su da alƙalami a aljihu suna kaɗa hannu. Ilu mai tireda sai ya yi ta "jama'a, jama'a" har rana ta faɗi bai ce komai ba.

Yero ne ya fita daban. Manomi ne daga Unguwar Tsamiya, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kurfi, a kan jaki yake zuwa. Ranar da na fara tsai da shi, yatsun ƙafarsa ya yi ta kallo yana gunguni. Da aka watse na tambaye shi abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Malam, ruwa ya kawo ni."

Ashe rijiyar siminti ɗaya za a haƙa a yankinsu, ko dai a ƙauyensu ko a maƙwabtansu, kuma wakilin hakimi zai saurari kowane ɓangare a Kurfi kafin ya yanke. Maƙwabtan suna da rijiyarsu ta gargajiya mai ruwa. Su Yero kuwa, da zarar rani ya yi, matansu sai sun je bakin gulbi sun tona yashi. Matarsa Sauda tana cikinsu, ga ta da tsohon ciki. Mutanen ƙauye suka ɗora masa magana don shi ne ya ɗan shiga aji.

Na ɗauki yaron nan da gaske. Na hana shi kallon ƙasa. Na koya masa ya rage gaisuwa ya shiga magana, ya faɗi abu ɗaya ya gama kafin ya kama wani, in an kawo masa suka kuma ya saurara har ƙarshe sannan ya amsa. Na sa Ilu ya riƙa zama abokin hamayya yana yi masa gardama. Kafin kaka ta wuce, Yero kan tsaya ya yi bayanin tafiyar matansu zuwa gulbi har zauren ya yi tsit. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar lokacin ba.

Sai dai Ilu bakinsa ba ya riƙe magana. Ya bi kasuwa yana yabon Yero, har labari ya kai kunnen Alhaji Labaran, mai fataucin hatsi da shanu, wanda garkensa ke ƙauyen maƙwabta. Shi ke son rijiyar, don shanunsa, kowa ya sani. Alhaji bai yi fushi ba, bai aiko da gargaɗi ba. Tambaya ɗaya aka ce ya yi: ɗiyar wa yaron ke aure?

Ranar zama muka ɗunguma Kurfi a kan kekuna, mu 'yan ƙungiya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan wakili, mutanen ƙauyukan biyu sun zazzauna. Yero na gefena, ya sha wanki, yana maimaita jawabinsa a hankali. Can sai ga motar Alhaji ta ɗaukar hatsi ta tsaya. Aka sauko da wani tsoho daga gaba, cikin sabuwar riga wadda da gani ba don shi aka ɗinka ba, aka kai shi tabarmar farko aka zaunar. Na ji Yero ya daina motsa baki.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Baban Sauda ne, Malam."

Malam Ummaru ke nan, surukinsa, mazaunin ƙauyen maƙwabta. Mutumin da Yero ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya ratse ya durƙusa. Tsohon bai taɓa magana a taro ba, bai ma san kan zancen sosai ba. An dai ce masa ya zo ya wakilci ƙauyensu, an ba shi riga, ya ɗauka girmamawa ce.

Wakili ya ba shi dama. Ya yi 'yan kalmomi, ya ce su dai suna roƙo a yi masu rijiya a wajensu, ya zauna. Babu hujja ko ɗaya a ciki. Yaron da ya yi mako biyu a ƙungiyarmu zai iya rushe ta.

Aka kira Unguwar Tsamiya. Na daƙuni Yero na ce masa, "Tashi. Ba da shi kake ba, da Alhaji kake." Ya tashi. Ya yi taku har tsakiyar fili, ya ɗaga kai yadda na koya masa, idonsa ya faɗa kan tsohon. Sai ya sunkuya ya cire takalmi, ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, abin da Baba ya hwaɗi, shi ne."

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce a ba ni dama in yi magana a madadinsu. Wakili ya tambaye ni ko ni ɗan ƙauyen ne. Na ce a'a. Ya ce to, in zauna, kuma da gaskiyarsa. Ya dubi sauran mutanen Unguwar Tsamiya, ko akwai mai ƙari. Duk suka sunkuyar da kai, don sun riga sun jibga wa Yero kayan. Shi ke nan, aka ce tunda babu jayayya, rijiya ta tafi ga maƙwabta.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne yadda jama'a suka riƙa gyaɗa kai suna cewa yaro ya san ya kamata. Ba wanda ya dubi Alhaji Labaran, wanda ya ɗauki kunyar da iyayenmu suka bar mana don zumunci ya mai da ita takunkumi. Yana can a inuwa yana jan carbi. Ban ga laifin Yero ba, har gobe. Da ya musa wa tsohon nan a bainar jama'a, da ba zai ƙara iya taka ƙofar gidansa ba.

Ina kwance kekena daga jikin itace, ko magana ba na son yi, sai ga Malam Ummaru yana ɗingisawa, hannun rigar na jan ƙasa. Ya kama hannuna da hannu biyu, fuskarsa cike da murna.

Ya ce, "Kai ne malamin nasu? Allah shi yi maka albarka. An ce mani kana koya masu tsaurin ido, ashe ƙarya ake maka. Ka koya ma yaron ga ladabi."

Na ce, "Baba, ka san inda ɗiyarka ke ɗibar ruwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, ai ba a tambayar uba abin da ke gidan suruki."

Ya sake sa mani albarka, aka taimaka masa ya hau motar.