Hudajjen Fistan

Ghassan ya ɗaga fistan ɗin da ya ciro daga injin motar sama, ya hango rufin garejinsa ta hudar da ke tsakiyarsa.

Wata biyu ke nan da ya gargaɗi Nidal, mijin ƙanwarsa Rula. "Injin nan matsinsa ya riga ya yi yawa. In ka ɗora masa turbo don ƙara masa ƙarfi ba ka sauya fistan ba, ga fetur mai araha da kake ɗura masa, wallahi narkewa zai yi. Kuma da motar nan Rula ke kai yara makaranta."

"Tsufa ne ke damunka, Ghassan," in ji Nidal. Ya kai wa wani makanike motar, aka ɗaura masa turbo ɗin cikin yini ɗaya.

Shekaranjiya injin ya tarwatse a hawan tudun Safut da rana tsaka, yara uku a baya, tirela na biye da su. Da ƙyar Rula ta raɓe gefen titi. Garejin Ghassan aka jawo gawar motar.

Wayarsa ta yi ƙara. Rula ce. Ya goge hannu, ya ɗauka da sauri.

"Yaya," ta ce, murya a shaƙe, "Nidal ya ce bakinka ne ya kama motar. Me muka yi maka?"