Numfashin Mai Kyamara

Auta ya goge kujera da hannun rigarsa, ya ce wa matar yayansa ta zauna gaban kwamfuta. Tun rasuwar Yaya ba ta taɓa taka ɗakin da ake tace finafinai ba sai yau.

Fim ɗin na ban tsoro ne, irin wanda ake yi kamar an tsinci kyamara a wani kango, aka kunna aka ga abin da ya sami masu ita. Yaya ne ya riƙe kyamarar tun daga farko har ƙarshe, kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Auta ne ke tacewa. Darakta na jingine a bakin ƙofa.

Hoton ya fara rawa: bango, ƙafafu, duhu, sai kuma bango. Ta dafe goshi.

"Auta, jiri nake ji. Shi yana ina?"

"Ba za ki gan shi ba, Anti. Mai kyamara ba ya fitowa."

"To ana bin mutum, me zai hana ya yar da ita ya ranta a na kare? Yayanka da ko ƙadangare ya faɗo sai ya yi tsalle!"

Auta ya yi murmushin da bai kai zuci ba. Darakta ya matso, ya ce a nuna mata wurin hawan matakala, nan ne zuciyar fim ɗin. Babu kiɗa, babu dodo. Taku ne kawai, da numfashi mai nauyi yana fita da ƙyar, da wani siririn fito a ƙarshensa.

"Duk wanda ya ji wannan sai tsikar jikinsa ta tashi," in ji Darakta. "Ba ka ce wasa ba ne."

"Ai ba wasa ba ne," ta ce a hankali. "Haka yake yi in ya hau benenmu. Nakan jiyo shi tun daga kicin."

Auta ya sha sauraron wurin nan, yana yaba gwanintar Yaya, har yana ƙara masa sauti. Ya miƙa hannu ya tsayar da hoton.

Can Darakta ya gyara murya, ya ce da za a rubuta a jikin tallar cewa mai kyamarar ya rasu bayan ɗauka, jama'a za su yi tururuwa.

Auta ya cire hannunsa daga kan tebur. "In ka rubuta haka, nemi wani ya ƙarasa maka."

Darakta ya sunkuyar da kai, bai sake ta da zancen ba.

Auta ya juya gare ta. "In cire wurin, Anti?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "Bar shi. Aikinsa ne. Rage ƙarar dai."

Fim ya fito. Wasu suka ce rawar hoton ta sa su ciwon kai, wasu suka ce matakalar ta hana su sukuni. Auta ya raka ta gida ranar da aka fara nunawa, ya zauna yana taya yaran Yaya aikin makaranta.