Juyar da Bekunda Ya Kai Gidan Rutaro

Kullum da sassafe Rutaro yakan tsaya a ƙofar gonar Bekunda da tsohon daro a hannu, yana jiran a ba shi kashin shanu. Ba ya roƙo. Sai ya dogara da doguwar sandarsa yana kallon sama, kamar wanda ya biyo ta nan don ya duba ko za a yi ruwa, har ma'aikata su cika masa daron. Shanunsa sun ƙare tun bara, amma bai daina hura wutar garke ba, wutar busasshen kashin nan da makiyaya ke tayarwa da sanyin safiya don hayaƙinta ya kore wa shanu ƙuda. Yakan zauna shi kaɗai a tsakiyar shingen, hayaƙi yana korar ƙudajen da su ma sun daɗe da yin ƙaura.

Bekunda yana ganinsa daga barandar gidansa, da kofin shayi a hannu, kuma shayin ba ya yi masa daɗi.

Tare suka tashi a tudun Kashari, in dai ana iya cewa tare. Uban Rutaro yana da shanu masu dogon ƙaho waɗanda in sun sauko rafi sai mai tafiya ya nemi wuri ya zauna. Uban Bekunda yana da fartanya da 'ya'ya. Bekunda ne ake ɗora wa kwandon gero ya kai gidan makiyaya, ya tsaya a bakin shinge, a miƙo masa man shanu ta sama. Madara ba a ba shi, domin a cewar makiyaya wanda ya ci wake ko dankali in ya sha madara nonon shanu yana ƙafewa, kuma tun da manomi ba ya kwana bai ci wake ba, dokar ta hutar da kowa daga dogon bayani. In makiyayi ya ji daɗin manomi yana iya ba shi dabba, amma bijimi ko juya, wadda ba ta haihuwa. In juyar ta manta ta haihu, maraƙin na mai bayarwa ne. Haka aka yi wa uban Bekunda: aka zo da rana tsaka aka ɗauke maraƙin, aka kuma yi masa godiyar kiwo.

Sai duniya ta juya, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Manoma suka tura 'ya'yansu makaranta saboda ba su da shanun da za a bi. Kofi ya yi daraja, titi ya zo, motoci suka fara kwasar ayaba zuwa Kampala. Makiyayan da suka waye da wuri suka kewaye filayensu da waya mai ƙaya, yanzu suna wucewa a manyan motoci da gilashi a rufe. Rutaro kuwa ya tsaya kan cewa ƙasa ta wanda shanunsa suka taka ce. Kafin ya gane ba haka hukuma ta gani ba, fili ya tsuke, kaska ta yi yawa, ciwon matarsa ya cinye rabin garken sannan ya tafi da ita. Bekunda ya bi ta ayaba ya shiga kofi, ya bi ta kofi ya shiga shanun Turawa masu baƙi da fari, da tankin sanyaya madara mai gurnani kamar tsohon kare. Masu bincike daga jami'a sun taɓa zuwa, suka ce ratar da ke tsakanin makiyaya da manoma ta ragu sosai. Ba su yi ƙarya ba. Ɗaya yana hawa, ɗaya yana sauka, dole su haɗu a wani wuri.

Abin da ya hana Bekunda sakat shi ne labarin da matarsa Keresi ta kawo daga coci. Mugizi, ɗan Rutaro da ke acaɓa a Kampala, ya ce zai zo da Kirsimeti ya tafi da tsohon, ya sayar da ɗan filin da ya rage. Ba mugunta ba ce. Yaron ya ce ba zai bar ubansa yana gadin shingen da babu komai a ciki ba, yana ramewa kamar sandarsa. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan garejin motoci.

"Ba zai kai Ista ba a can," in ji Bekunda.

"A nan ma ba cin abinci yake ba," Keresi ta ce. "Madarar da kake aika masa a jarka, kare yake ba. Karen har ya fara tumbi irin naka."

Washegari Bekunda ya zaɓi saniyar da ta fi kowace nono, ya sa aka ɗora ta a mota aka kai ƙofar Rutaro. Ya koma baranda yana jin kansa mutumin kirki. Kafin rana ta take sai ga Rutaro yana jawo ta a ƙasa.

"Mai wake, saniyarka ta ɓata. A ƙofata na tsince ta."

"Ba ɓata ta yi ba, dogo. Ba ka ita na yi."

Rutaro ya zagaya saniyar a hankali, hannu a baya, kamar mai duba hatsarin mota. "Ina ƙahonta?"

"An cire tun tana ƙarama."

"Me ta yi muku?"

"Ba ta yi komai ba. Haka ake yi."

"Sunanta fa?"

Bekunda ya nuna lambar roba da ke maƙale a kunnenta.

"To da safe in tsaya a gaban hayaƙi in yi wa lamba kirari? Na gode, Bekunda. Allah ya ƙara yawansu." Ya miƙa igiyar, ya juya ya tafi a miƙe, har ya manta bai karɓi kashin ranar ba.

Bekunda ya shiga gida yana faɗa a kan girman kai na mutanen da ba su da ko akuya. Keresi tana ɓare ayaba, ta bari sai da ya gaji.

"Kai ma ka san ba ƙaho ba ne," ta ce. "A wurinsu saniya mai haihuwa ba ta tafiya ita kaɗai. In tsakanin sa'o'i ne, ka ba ni yau, in ba ka gobe. In mutum ba shi da ta mayarwa, ya zama yaron mai bayarwa, ya riƙa tashi a taro yana ambaton sunansa. Da tsufansa kake so ya zama yaronka? A mota kuma ka aika, kamar buhun taki."

Bekunda ya tashi ya fita. A shekarunsu tare ya koyi cewa in Keresi ta yi gaskiya, gara mutum ya fita duba tanki.

Ya yi kwanaki yana juya abin. Ranar kasuwar shanu ya ce wa 'yarsa Tusiime, wadda ta karanta likitancin dabbobi kuma take riƙe da gonar, ta raka shi. Suka wuce shanun Turawa, suka nufi can gefe inda 'yan tsirarun masu dogon ƙaho ke tsaye ba mai tayawa. Ya nuna wata ja mai farin tabo a goshi, ƙahonninta farare sun buɗe kamar hannun mai addu'a. Tusiime ta sa doguwar safar hannu ta duba ta.

"Tana da ciki, Baba. Ya ma yi nisa."

"Juya ce."

"Baba, hannuna na sa har kafaɗa. Na taɓa kan ɗan."

"Ni na kai ki makarantar nan. Juya ce."

Tusiime ta dube shi, ta dubi saniyar, ta cire safar a hankali. "Gaskiya ne," ta ce. "Juya ce. Ban taɓa ganin juya irinta ba."

Wannan karon babu mota. Bekunda da kansa ya riƙe igiya ya hau tudun, shi da rabonsa da jan dabba tun kafin a haifi Tusiime. Saniyar ta gane hakan tun a taku na farko, ta kai shi cikin gonar dankalin wani, ta kuma kai shi cikin kwata. Ya iso bakin shingen Rutaro yana haki, rigarsa ta jiƙe, ya tsaya daidai inda yake tsayawa da kwandon gero yana yaro. Ƙafafunsa ne suka tsaya, ba shi ya ce musu ba.

Rutaro yana zaune gaban toka. Idonsa ya sauka kan ƙahonnin bai ɗauke ba.

"An cuce ni a kasuwa," Bekunda ya ce. "Juya suka sayar min. Ba ni da wurin ajiye mai ci ba ta bayarwa. Dama tsakanin gidanku da namu juya ce take wucewa, ba a taɓa cewa wani ya zama yaron wani a kanta ba. Ka riƙe ta ta riƙa yi maka kashi, ka huta da ɗaukar daro."

Rutaro ya tashi. Ya yi wa saniyar wata 'yar ƙara a maƙogwaro, ita kuwa da ta wahalar da Bekunda tun daga gindin tudu sai ta sunkuyar da kai ta matso. Ya shafa wuyanta, ya bi bayanta da tafin hannu, ya gangaro gefen cikinta na dama. Nan hannun ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Bekunda ya ga tsohon ya gane, sai ya mai da hankalinsa kan wani tsuntsu da ke bisa shinge, kamar bai taɓa ganin tsuntsu ba.

"An cuce ka ƙwarai," Rutaro ya ce. "Ku manoma ko jaki aka sa wa ƙaho za ku saya. Wa ya raka ka?"

"Tusiime."

"Likitar? Kai, karatun zamani." Ya share fuska da gefen bargonsa. "In ta manta ta haihu fa?"

"Ka san doka. In zo da rana tsaka in ɗauke maraƙina, in yi maka godiyar kiwo."

Rutaro ya yi wata dariya gajera wadda ta ƙare da tari. Ya karɓi igiyar, ya kwance ta daga ƙahon ya jefar wa Bekunda. "Riƙe abinka. Kyasha ba ta buƙatar igiya." Suna ke nan da makiyaya suke ba saniya mai farin goshi. Ya juya ya shiga, saniyar ta bi shi.

Da Kirsimeti Mugizi ya iso a kan babur, da ƙarin hular kwano ɗaure a baya don ubansa. Ya tarar da tsohon ya fita da saniya kiwo a gefen titi, yana zagin direbobi. Ya kwana biyu, ya gyara shingen, ya biyo ta gidan Bekunda ya tsaya a ƙasan baranda yana murza hular a hannu.

"Baba, ban san me zan ce ba."

"A kan me? Juya na jefar."

Mugizi ya koma Kampala da hular ɗaure inda ya zo da ita.

Abin da Bekunda bai yi lissafi da shi ba shi ne safiya. Yanzu babu mai tsayawa a ƙofar gona yana duba sama. Yakan sha shayinsa yana kallon hayaƙin da ke tashi a kan tudu, ya ga ƙofar tasa ta yi faɗi da yawa.

Da ruwan sama ya dawo, Kyasha ta manta ta haihu. Rutaro ya bari sai da nonon ya washe, sannan ya aiko da saƙo a bakin mai sayar da gawayi: mai maraƙi ya zo gobe ya ga kayansa. A ranar Keresi ta dafa ayaba da miyar wake. Bekunda ya ture miyar, ya ci ayabar gaya.

"Ba ka da lafiya ne?"

"Ƙalau nake. Wake ya ishe ni."

"Shekara nawa kana cinsa, sai yau ya ishe ka," ta ce, ta ɗauke kwanon. Da safe ma ba ta ɗumama masa na jiya ba.

Ya hau tudun. A bakin shinge ƙafafunsa suka sake tsayawa.

"Me kake jira a nan, a miƙo maka ta sama?" in ji Rutaro daga ciki. "Shigo."

Ya shiga. Hayaƙi ya cika masa ido. Rutaro ya ɗauko baƙar butar itace ta madara, irin wadda ake turarawa kafin a tatsa a ciki, ya riƙe ta da hannu biyu, ya tsaya.

"Ka ci wake?"

"Tun shekaranjiya rabona da shi."

"Dankali?"

"Dogo, ka ba ni ko ka bari."

Ya sha. Madarar da ɗumi, da ƙaurin hayaƙi, kuma gaskiyar magana bai ji ta fi ta tankinsa daɗi ba. Tun yana yaro yake tunanin abin da ke cikin butar nan, ga shi ashe madara ce. Ya shanye duk da haka, a hankali, Rutaro yana kallonsa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Ba laifi," Bekunda ya ce.

"Ba laifi. Ji bakin mai wake."

Maraƙar mace ce, ja, tana tangaɗi a gindin uwarta. Rutaro ya nuna ta da sanda ba tare da ya kalle ta ba. "Ga taka nan. Rana ta kusa tsaka."

Bekunda ya laluba aljihun hagu, ya laluba na dama. "Na manta igiya."

"Manomi dai. To sai gobe."

Washegari ya dawo da sassafe, ya zauna gaban hayaƙin, ya sake manta igiyar. Keresi ta daina dafa wake sai ranar Lahadi.