Ƙahon Kumai da Ƙoƙon Kunu

Ni ce Edna, matar marigayi Malam Silvanus na bayan tashar jirgi a Kafanchan. Karatuna bai wuce aji uku na mishan ba, kuma daga kaina nake ciro wannan labari. In na rikita shekaru a yi mini haƙuri.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka fara kawo wasu ƙananan littattafai tasha, labarin wani maharbi mai suna Kumai da ƙahonsa. In Kumai ya busa ƙahon, sai ruwan sama ya sauko ko da tsakiyar rani ne, amma kowace busa tana taɓa masa hankali. In littafi ɗaya ya ƙare sai a jira watanni kafin na gaba ya fito. Simon, ƙanen mijina, yana duba tikiti a jirgi, shi ke kawo mana su.

Kowace Lahadi bayan sujada mukan zauna gindin mangwaron tsakar gidanmu. In dama kunun acca da citta, Silvanus ya karanta yana sauya murya, har ta tsohuwa yana yi. Malam Obadiah mai wa'azi ya fara zuwa ne don ya gargaɗe mu a kan littattafan tsafi. Ya saurari shafi biyu, daga nan bai sake fashin Lahadi ba.

Gardamarsu ɗaya ce kullum: yaya ƙahon nan yake haukata mutum?

Simon ya ce yana cinye mutum ne kaɗan kaɗan, kamar gara a cikin azara. Daga waje itace na nan, ciki babu komai.

Malam Obadiah ya ce a'a, mugun ruhu ne a cikin ƙahon. Ya shiga, ya kori mai gida, ya zauna a kujerarsa.

Silvanus yakan yi dariya ya ce, "Ku biyun ba ku taɓa zama ƙarƙashin rufin kwano da damina ba? Ƙarar ruwan ce ke maƙalewa a kunnensa. Kana kiransa ba ya ji, amma yana nan cikin ɗakin."

"Yaya, inda kai ne ka rubuta littafin, da ba wanda zai mutu a ciki," in ji Simon.

Bayan littafi na uku Silvanus ya yi wani zazzaɓi mai tsanani. Ya tashi, amma kansa bai tashi tare da shi ba. Sunayen yaran da ya koyar suka fara ɓace masa, sai na 'yarmu Irene da ke aure a Jos, sai nawa. Ya koma kirana baiwar Allah. Likita ya ce ba su da maganinsa. Wata rana ina wajen niƙa ya fita, Simon ya same shi tsaye a tsakiyar layin dogo da alli a hannu yana koyar da duwatsu lissafi.

Simon ya yi kuka ranar. Bayan kukan ya ce zai kai shi ƙauyensu wajen Nok, gidan wani mai maganin masu taɓin hankali. Na san gidan. Na taɓa ganin mutane zaune a ƙofarsa da mari a ƙafa.

"Matarmu, ba zai sani ba," ya ce. "Nan da can duk ɗaya ne a gare shi. Yaya ya riga ya tafi, jiki kike jinya."

A danginsu maganar ƙanen miji ta fi tawa nauyi. Aka ce Litinin za su tafi. A Lahadin da ta gabace ta Simon ya zo da littafi na huɗu a aljihu, ina jin don ya sanyaya mini rai ne.

Muka zauna kamar da. Silvanus na kan kujerarsa yana kallon kaji. Malam Obadiah ne ya karanta, da muryar wa'azi, har maharbin ma ya koma kamar yana jan kunnen masu zunubi. A wannan littafin Kumai ya yi busa ta ƙarshe don ya ceci gonakin garinsu daga fari, hankalinsa ya gushe gaba ɗaya. Duk wanda ya matso ya jefe shi da dutse. Amma in ƙanwarsa Afiniki ta kawo tuwo, sai ya zauna ya ci.

Simon ya ɗaga hannu. "Tsaya, Malam. Nan marubucin ya yi kuskure. Mutumin da bai san sunansa ba, ina ya san ƙanwarsa?"

"Ruhun ne ke jin yunwa," in ji Malam Obadiah. "Mugayen ruhohi ma suna da wayo."

"To me ya sa bai karɓi na matar sarkin noma ba? Nata ma har da nama."

"Wataƙila ruhun ya taɓa ɗanɗana miyarta."

"Malam, wa'azinka ya fara yoyo."

"Garar taka fa? Ta cinye azara duka ta bar wurin ƙanwa? Gara mai zumunci ke nan."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce, "Malam Silvanus ya ce yana cikin ɗakin."

Simon ya sunkuyar da kai. "Matarmu, labari ne kawai."

"Tun ɗazu kake gardama a kansa kamar gonar ubanka."

Na tashi na ɗauko kunu. Simon ya karɓi ludayin daga hannuna ya zuba da kansa. Ya durƙusa gaban yayansa ya sa masa ƙoƙo a hannu. "Yaya, sha."

A wajenmu, wanda ya ba baƙo abin sha shi ke fara kurɓa, don baƙon ya sha da kwanciyar rai. Ranar da Silvanus ya fara zuwa gidan babana neman aurena na kurɓa na miƙa masa. Bayan an yi auren ya ƙi dainawa. Ya ce shi har yanzu baƙo ne a wurina, bai gama neman auren ba. Shekaru muna haka, abin wasa ne tsakaninmu, in mu kaɗai ne. Da ciwon ya zo ban daina ba, hannuna ya saba, ban ma lura ina yi ba.

Silvanus ya riƙe ƙoƙon bai sha ba.

"Da zafi ne?" Simon ya karɓa ya kurɓa, ya mayar masa. "Ga shi, ba zafi."

Bai sha ba. Malam Obadiah ma ya gwada, har da addu'a. Silvanus ya dubi kunun, ya dube su ɗaya bayan ɗaya kamar yaran da suka kasa amsa. Sai ya juya a hankali ya miƙo mini ƙoƙon da hannu biyu.

"Baiwar Allah," ya ce, "haka ake yi wa baƙo a gidanku?"

Na kurɓa. Ya karɓa ya shanye duka, ya goge baki da bayan hannu, ya koma kallon kajinsa.

Malam Obadiah ya rufe littafin a kan yatsarsa. Simon yana nan durƙushe, na ga gwiwar wandon sujadarsa ta yi ƙasa.

Can ya ce, "A gidan mai maganin, wa zai kurɓa masa?"



Ya share ido da hula. "Malam, ci gaba da karatu. Na janye gara."

"Ruhun fa?" na tambayi Malam Obadiah.

"Zan sake duba nassi," ya ce.

Ranar Litinin Simon ya zo da kafinta maimakon mota. Suka yi wa zaurenmu ƙofa mai sakata ta waje da ta ciki, don kada Silvanus ya sake kai wa ga layin dogo. In Simon ya sauko daga jirgi yakan zo ya zauna da shi in je kasuwa. Silvanus ya yi damina biyu a gidansa bayan wannan, ya rasu a kan gadonsa, ruwa na dukan kwano.

Littafi na biyar ya zo bayan jana'iza. An karanta mana shi gindin mangwaro. Marubucin bai faɗi yadda ƙahon ke aiki ba, Malam Obadiah ya ce wannan zalunci ne, Simon ya ce ragwanci ne, suka ɗora sabuwar gardama a kai. Da na miƙa wa Simon kunu, sai ya riƙe ƙoƙon bai sha ba, yana kallona.

Na ce, "Kai ba baƙo ba ne. Sha abinka."