Fatilitin Malamin Gona

Tun da malamin gona ya dawo daga wani taron bita, bakinsa bai sake rabuwa da kalma guda ba: fatiliti. Abokan aikinsa sun dawo da jaka da hular rana, shi kuwa wannan ya ɗauko. Matarsa, wadda 'yan unguwa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta, ita ta fi kowa shan kalmar.

In manomi ya kawo kukan masararsa ta yi ja, Malam zai murza ƙasa a tafin hannu, ya shinshina, ya ce fatiliti ya yi ƙasa. In kazar maƙwabta ta ƙyanƙyashe ƙwanta duka, fatiliti ne. In rediyo ya ce mutane sun yi wa gari yawa, nan ma shi ne. Har kansa yakan ƙwanƙwasa da yatsa ya ce akwai fatiliti a ciki.

Wata rana Tela ta tsayar da keke ta ce, "Wai Malam, mene ne ma'anar abin nan da Hausa?"

"Ba ya fassaruwa," in ji shi. "A gona dai albarkar ƙasa ce. A dabba yawan 'ya'ya. A mace kuwa..." Sai ya yi tari, ya kalli fanka.

"A namiji fa?"

"Namiji ai iri ne. Ƙasa ake gyarawa."

Tela ta tuna buhunan irin da ya raba wa manoma bara, waɗanda ko tsinke bai tsiro ba, amma ta ci gaba da taka kekenta.

Aurensu ya daɗe ba haihuwa, saboda haka an yi ta gyaran ƙasa. Surukarta, Mama, ba ta zuwa hannu rabbana: yau kwalbar jiƙo mai ɗaci, gobe garin da ake sha da nono, jibi hayaƙin da ya kusa ƙona mata zani. Asibiti kuwa Tela ta san kowane benci da inda ƙusarsa take. An ɗebi jini, an ɗauki hoto, likita ta ce lafiyarta ƙalau, ta zo da maigida. Maigida kuma kullum yana da taro, don ƙasar manoma ba ta jira.

Ranar da Mama ta zo da sabuwar kwalba, Tela ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta ce, a gabansa, "Mama, likita ta ce ba za ta sake duba ni ba sai Malam ya je. Ina jin zarginsa take yi."

Mama ta dafe ƙirji. "Ɗana? Ubansa fa sai da aka ƙara ɗaki saboda yara! Kai, gobe ka je ka ba su kunya."

Malam ya buɗe baki zai ambaci taro, Mama ta harare shi, taron ya watse.

A asibiti, ƙofar sashen na ɗauke da kalmarsa, an rubuta ta da manyan baƙaƙe. Mutumin da ba ya wuce allon talla bai karanta da ƙarfi ba, ranar nan takalminsa ya yi ta kallo. Nas ta miƙa masa ƙaramar kwalba, ta nuna masa wani ɗaki a ƙarshen baranda. Ya tambaye ta ko ta san digirinsa. Ta ce ba a buƙatarsa a ciki.

Da suka koma karɓar sakamako, likita ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ƙwayoyin haihuwarsa sun yi kaɗan, waɗanda ke nan ma ba sa sauri. Wasu jijiyoyi ne suka kumbura suna ƙara wa wurin zafi. Ƙaramar tiyata za ta iya taimakawa, kuma ya rabu da matsattsun wanduna.

"Ko injin naku yana da matsala?" in ji Malam.

"Shi ya sa muka gwada sau biyu."

A mota Tela ta yi zaton za ta ji daɗi. Ta daɗe tana tanadin maganganu, kowace da kaifinta. Amma da ta ga ya ƙura wa sitiyari ido, ya manta bai ta da mota ba, sai ta ji duk sun yi mata nauyi a baki. Shi ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin sha ɗaci da yawa."

"Na sha."

"Kada ki gaya wa Mama."

"Kai za ka gaya mata, Malam. In ba haka ba, kwalbar gaba kai za ka shanye, ina tsaye."

Ya gaya mata, amma irin tasa faɗar. Ya ce likita ta gano yawan aikin ƙwaƙwalwa ne ya janye ƙarfin zuwa sama. Mama ta gyaɗa kai, ta ce dama tun yana yaro ta ga alama.

Aka yi tiyata, ya yi jinya kamar wanda aka sauya wa zuciya. Da ya miƙe kuwa sai ya zama masani. A taron manoma, in ya gama maganar taki, sai ya rage murya ya ce wa mazan su daina ɗora wa matansu laifi, su je a gwada su, jahilci ne ƙin zuwa. Har yakan ƙara da cewa shi da kansa ya ja iyalinsa zuwa asibiti, da ƙyar ta yarda.

Ciki dai bai zo ba tukuna. Likita ta ce a ba shi lokaci. Amma kwalabe sun daina shigowa, Tela kuma ta fara jin ɗanɗanon abinci.

Wani maraice ya jibge mata wandunansa kaf, ya ce a ɗan buɗa su kamar yadda likita ta ce, ɗan kaɗan dai, kada a lura. Tela ta farke su, ta ƙara yadi gaba da baya ba tare da rowa ba. Da safe ya saka ɗaya ya tsaya gaban madubi, wando na kaɗawa kamar labule.

"Anya bai yi yawa ba?"

"Umarnin likita ne, Malam."

Ya ja tsaki, ya ƙara wa bel huda, ya tafi ofis.