Littafin Baba na Ƙarshen Ƙarshe

Ranar da Larabci ya miƙe a allon kwamfutar Bara'atu, sai da telan da ke maƙwabtaka da shagonta ya leƙo ya ga ko lafiya. Lafiya lau, murna ce ta yi mata yawa har ta doki tebur. Kwana da kwanaki ke nan tana fama: ta buga aya, haruffa su fito a warwatse, kowanne ya ware daga ɗan'uwansa, ga su kuma suna tafiya daga hagu kamar boko. Ashe wani ɗan akwati ne a can cikin saitunan harsuna, wanda ake yi wa alama saboda rubutun da ke farawa daga dama. Mijinta Lawal, wanda ya ɗora mata wannan manhajar ofis ta kyauta daga wani faifai da ya aro wurin abokinsa, shi ya tono akwatin. Ana yi masa alama haruffa suka haɗe, aya ta kwanta ras yadda aka san ta.

Ba don wani kwastoma take wannan wahalar ba. Shagon nata na buga takardu, a bakin Babbar Kasuwa, katin biki da takardar neman aiki ya saba da su. Wannan kuwa littafin mahaifinta ne, Malam Sammani na Ƙofar Marusa, wanda ya shafe shekaru yana rubuta shi da hannu a kan hukunce-hukuncen aikin hajji, bayani da Hausa, ayoyi da addu'o'i da Larabci. Kuma akwai gaggawa a ciki. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa a hankali, babu tiyatar da za ta dawo da abin da ya wuce. Malam bai roƙi 'ya'yansa komai ba sai abu ɗaya: ya ga littafinsa a buge, ya karanta shi da idonsa kafin duhu ya rufe.

Washegari Lawal ya ɗauko surukin nasa a babur don ya ga abin mamaki. Aka yi gaisuwa mai tsawo da tela da mai lemo da duk wanda ya leƙo, sannan Malam ya zauna ya kai fuskarsa daf da allon har hancinsa na neman taɓa gilashi. Ya ga ayar, ya bi ta da yatsa, ya shiga sa wa ɗiyarsa albarka. Ita kuwa kanta ya kumbura, sai ta ce bari ta ƙara nuna gwaninta. Ta kamo tsohon kwafin da haruffansa suka lalace, ta ja shi zuwa kusurwar allo, ta sake shi.

"Wanga abu da kika ja, mine ne?" in ji Malam.

"Tsohon kwafi ne, Baba, wanda bai yi kyau ba."

"Can inda kika jefa shi fa?"

Nan Bara'atu ta ce a hankali, "Kwandon shara ake ce mashi."

Tirƙashi! Wanda ya tashi a gidan Malam Sammani ya san ba a wasa da wannan. Takarda in dai akwai sunan Allah a jikinta, ko guntuwa ce da iska ta kwaso daga titi, akwai tukunyar ƙasa a zaure da ake tara ta. In ta cika a ƙone a wuri mai tsarki, a binne tokar. Bara'atu da kanta ta sha dunguri a ƙuruciya kan takardar da ta naɗe gyaɗa. Ta yi ta bayani cewa hoto ne kawai, babu kwando, babu shara, babu ko ƙura a ciki. Malam ya ce wanda ya zana hoton ai ya iya zana adaka ko akwati, amma ya zaɓi kwandon shara, don haka shi ya san abin da yake nufi. Lawal ya juya baya yana danne dariya da tari. Ba a tashi ba sai da ta ciro kwafin daga kwandon a gaban idon Malam, ta kuma yi alkawarin duk abin da ke da aya ba zai ƙara shiga can ba.

To, alkawari kaya ne, kuma Bara'atu ba ta iya yi wa mahaifinta ƙarya ko a bayan idonsa. Daga ranar ta daina goge komai. Har ma abin ya zarce: in za ta yi gyara mai yawa, sai ta ji ba daɗi ta danne tsohon rubutu, sai ta adana da sabon suna. Aka sami Littafin Baba, da Littafin Baba sabo, da sabo na gaske, da wanda aka gyara, da wanda Baba ya ji. Aka sami na ƙarshe. Bayan kwana kaɗan Malam ya tuno wata mas'ala a kan jifa, aka sami na ƙarshen ƙarshe. Lawal ya ce wannan ai ba fayil ba ne, zuriya ce, saura a yi musu zanen suna. Ta ce ya ji da baburinsa.

Lokacin kuwa siyasa ta kankama, ana shirin zaɓe na uku tun komawar sojoji bariki. Duk bangon da ka duba a Katsina fuskar wani ce tana maka murmushi, duk maɗaba'ar da ka shiga fosta ce har rufi. Amma Alhaji Abu mai maɗaba'a ya daɗe yana zama a karatun Malam, sai ya ce zai tsaga wa littafin yini guda a tsakanin fostocin, ranar Laraba, in an wuce ta kuma sai bayan zaɓe. Bara'atu ta yi ta tsalle a zuci. Ranar Talata ta mayar da littafin irin fayil ɗin da ba ya motsi in an buɗe shi a wata kwamfutar, ta zuba a filash, Lawal ya kai. Wanne ta ɗauka? Na ƙarshen ƙarshe mana, ai sunansa ya faɗi komai.

Laraba da hantsi Malam ya kasa zama a gida, ya sa aka kawo shi shago, wai a karanta masa ko shafi kaɗan ne ya ji daɗi yayin da inji ke aiki a can. Bara'atu ta buɗe wanda ta aika, ta fara karantawa da murya mai daɗi, har tela ya tsayar da kekensa yana saurare. Ta zo babin Safa da Marwa, ta karanta ayar, za ta wuce.

"Koma," in ji Malam.

Ta koma. Ya ce ta sake. Tana cikin sakewa ita ma ta ji giɓin da kunnenta: kalma guda ta faɗi daga tsakiyar ayar. Ai ta gyara wannan! Ta tuna ranar, ta tuna har an ɗauke wuta ana cikin yi. Nan take ta jera fayilolin bisa kwanan watan da aka taɓa su, sai ga gaskiya tsirara. Ranar da wuta ta dawo, na ƙarshe ta buɗe a kan kuskure, a cikinsa ta yi duk gyaran makon. Na ƙarshen ƙarshe yana nan yadda yake da giɓinsa, shi ne kuma yanzu ke kan injin Alhaji Abu.

Ba ta jira Lawal ba. Ta figi mayafi, ta tare ɗan acaɓa, ita da kullum take faɗan masu gudu yau ita ce ke cewa a ƙara wuta. Suka kutsa ta cikin ayarin magoya bayan wani ɗan takara, ganga na tashi, ana yi mata kirarin jam'iyya, ita ko kallo ba su ishe ta ba. Tun daga ƙofar maɗaba'a take kiran a tsaya. Aka tsayar da inji, amma ina! Ɓangaren da ayar take an riga an buge shi, ga shi nan jibge har ƙugu. Alhaji Abu ya dafe kai. Ya ce sai an sake sababbin farantan da inji ke bugawa da su, kuma ko ya so yau ba za su samu ba, gobe da sassafe kuwa inji na masu fosta ne, ya riga ya ba su kalmarsa. Da ta tambayi inda takardun da suka lalace kan tafi, ya sosa ƙeya ya ce masu tsire da masu ƙosai ne ke kwashewa. An tsare aya daga kwandon hoto, ga ta za ta je naɗin tsire! Bara'atu ta tsaya a kansu ƙafa da ƙafa har aka loda su duka a mota zuwa Ƙofar Marusa.

Da yamma aka ƙone su a bayan gida. Malam bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi gara da aka kama, littafi da aya mai giɓi gara babu shi, sannan ya ƙara da cewa Allah ya sa da rabon gani. Ta shige ɗakin mahaifiyarta ta yi kuka mai isarta. Tana jin haushin kanta, tana jin haushin kwandon, har Baban ma ta ɗan ji haushinsa, ta yi istigfari.

Zaɓe kuwa da sauran watanni, ido kuma ba ya jiran zaɓe. Kafin wata ya zagayo Malam ya daina ganin rubutun littattafansa ko da tabarau. Hannu yake gani, fuska yake gani in an matso, allon da aka rubuta da manyan baƙaƙe yana iya bi. Bara'atu ta san ko Alhaji Abu ya buga littafin gobe, da ƙananan haruffan nan, an riga an makara. Ta rame, ta daina tsokanar tela.

Ran nan wani mai neman kansila ya zo a tsara masa takardar talla. Mutum ne mai son sunansa. Duk girman da ta yi wa haruffan sai ya ce a ƙara, a ƙara dai Hajiya, yana so makaho ma ya gani. Tana ƙarawa, tana ƙarawa, har sunan ya cika allo, sai hannunta ya tsaya cak. Kai! Ina hankalinta ya tafi duk kwanakin nan? Ta sallami ɗan takara da sauri har yana tambaya ko ya yi laifi, ta buɗe littafin mai gyaran, ta shiga wurin da ake saita fasalin rubutu, ta ɗaga girman harafi sama sosai.

Hausar ta kumbura ta cika shafi. Larabcin kuwa ya ƙi, yana nan ƙanana kamar tururuwa a tsakanin manyan baƙaƙe. Ta sake, ya ƙi. Ta kusa dukan kwamfutar. Wannan karon ba ta nemi Lawal ba. Ta ce wanda ya ware wa rubutun dama akwatinsa daban, ba zai rasa ware masa girmansa daban ba. Ta duba ƙasan wurin da kyau, sai ga shi, layi na biyu, na rubutun da ke farawa daga dama. Tana ɗaga shi ayoyin suka tashi tsaye, kowane wasali ɓaro-ɓaro. Tela ya sake leƙowa, ya ga tana dariya da hawaye tare, ya koma kan kekensa.

Littafin da bai fi kaurin yatsa ba ya koma shafuka ɗaruruwa. Firintar shago ta yi zafi, tawada ta ƙare aka sake cikawa, takarda ta maƙale ta ciro ta da lallashi, wuta ta ɗauke Lawal ya tayar da janareta. Kowane shafi ya fito sai ta bi ayarsa da Alƙur'ani a buɗe a gefenta, domin ta ci wuya sau ɗaya. Mai ɗinkin littafi a cikin kasuwa ya ce wannan ba zai ɗinku a dunƙule ba, ya raba shi mujalladi uku, ya yi musu bango kore.

Da safe, bayan rana ta shigo zaure, ta kai masa. Ɗalibai sun fara taruwa don karatu. Ta durƙusa ta gaishe shi, gaisuwar da ta gajarce ba da son ranta ba, ta ɗora mujalladin farko a cinyarsa. Ya ji nauyin abin ya tambaya ko mine ne. Ta ce ya buɗe dai.

Ya buɗe. Ya karkatar da kai don ido na hagu ya samu hanya, ya ɗaga shafin ya fuskanci haske. Sai ga leɓɓansa suna motsi, sai ga murya: sunan littafin, sannan sunansa da na mahaifinsa. Ya juya shafi, ya juya wani. Bai bi a jere ba, babin Safa da Marwa ya nema, ya samu da kansa, ya ɗora yatsa a farkon ayar ya fara bi kalma bayan kalma, ba irin karatun hadda ba, irin na mai gani. Da ya zo tsakiya, inda giɓin yake a da, ya ɗan tsaya. Bara'atu ta ɗauka duhun ne ya tare shi, ta matso za ta faɗa masa kalmar.

Malam ya ɗaga mata hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Bari, ɗiyata," ya ce. "Ina gani."