Tauraro a Tukunyar Miya

Wani irin kuka ne ya tashe shi, ba na gyare ba, ba na kyanwa ba, kamar ana kaɗa cokali a cikin rijiya. Mai gyaran agogo ya lalubi takalmansa, ya bi sautin har kicin. Tukunyar miya ce ke rawa ita kaɗai. Da ya ɗaga murfin sai ga wayar Auta a ciki, naɗe da tsumma.

Ya san aikin matarsa ne. Auta, 'yarsu mai karatun taurari, ta zo gida da zazzaɓi, uwar kuwa ta rantse sai yarinyar ta yi barci. Ya kuma gane kukan, don shi kaɗai ne a gidan ke zama ya saurari bayaninta. In wani ƙaton tauraro ya fashe can nesa, yakan yi feshin wuta, sai na'urar da ke shawagi a sama ta buga wa masu jira waya. An ba Auta aron babban madubin hangen nesa a wata ƙasa, wa'adin zai ƙare a makon nan, kuma ko tauraro ɗaya bai yi mata kara ba. In babu fashewa, babu digiri.

Matar ta tare shi a ƙofar ɗakin Auta, hannu a ƙugu.

"Malam, in ka tashe ta, ni da kai ne."

"Ai tun ranar ɗaurin aure ni da ke ne. Matsa."

"Tauraron ba zai jira gari ya waye ba?"

"Garwashi ne, yanzu zai mutu."

Ƙofar ta buɗe. Auta ta karɓe wayar ta tsakaninsu, ta shinshina.

"Mama, albasa?"

Ta zauna a ƙasa da bargo a ka, ta buɗe kwamfuta, ta aika wa madubin umarni ya juya. Sai jira. Uban ya tsuguna gefenta, ya tambayi me ake nema a wutar da ta riga ta ci ta cinye.

"Ba ni baƙin tabarau ɗinka, Baba."

Ta kara shi a fuskar kwamfutar tana juyawa a hankali. Gilashin ya yi duhu, ya washe, ya sake duhu.

"Haske ma yana da ɓangaren da yake kwantawa. In muka ga yadda ragowar hasken ya kwanta, da yadda yake juyawa, sai mu san feshin siriri ne kamar ruwan tiyo, ko buɗaɗɗe kamar mazurari."

Uwar, wadda ta ce ba ruwanta, ta fizge tabarau ɗin. Ta juya, ta juya, ta ƙi mayarwa.

Gari na washewa wani ɗan ɗigo ya fito a allon, bai kai ƙwayar gero ba. Auta ta dube shi, ta rufe baki da bargo, kafaɗunta na girgiza. Uban ya taɓa goshinta, har yanzu da zafi.

"An kama shi, Baba."

Uwar ta rangaɗa guɗa, tsohon ya tashi yana taka rawa da takalmi wari ɗaya. Hayaniyar ta jawo maƙwabcinsu tela, ya leƙo da buroshi a baki.

"Lafiya? Haihuwa aka yi?"

"Mutuwa," in ji mai agogo yana haki. "Tauraro ne ya mutu, tun ba a yi kakannin kakanninmu ba. Yau labarin ya iso."

Telan ya cire buroshin, ya dubi uban, ya dubi uwar sanye da baƙin tabarau da sassafe.

"To, ni yanzu barka zan yi muku, ko ta'aziyya?"